Man da ƙananan jirage ke sha, ina yake tafiya ne?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ake yawan yi, wai injinan ƙananan jiragen sama masu fistin duk tsofaffin yayi ne, shan mai kawai suka iya. Toh akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba duka ba.

Ɗauki Cessna 172, jirgin da ya fito a 1956 wanda ake yawan koyon tuƙi da shi, na yanzu injin Lycoming gare shi mai silinda 4, ƙarfin doki 180, yana shan wajen galan 8 zuwa 10 a awa ɗaya. Cikin ƙarfin da ke cikin man nan abin da ke isa ga farfela bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ba. Sauran duk zafi ne, mafi yawa ya bi salansa ya fice, wani kuma iska ta kwashe ta jikin silinda don babu lagireto balle ruwa. Ita ma farfelar sai ta ci nata kason, ko a lokacin da take aiki sosai kashi 80 take mayarwa turi.

Ka ga ke nan ko injin mota haka yake fama, ba laifin jirgi kaɗai ba ne. Inda aka bar injin jirgi a baya shi ne wajen wuta, har yau a mafi yawansu maganeto guda biyu ne, wato na'urar da ke samar wa fulogi wuta daga juyin injin kansa ba daga batir ba, da fulogi bibbiyu a kowace silinda, lokacin tartsatsin kuma a kafe yake ba ya motsi, babu kwamfutar da ke gyara shi. Amma fa in batir ya mutu kana sama injin nan ko a jikinsa, zai ci gaba da juyawa, ni kam wallahi in ina can tsakanin gajimare wannan ya fi min ragin galan ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne jar sandar nan da matuƙi ke rage mai da ita. Kana yin sama iska na yin ƙaranci, in ba ka ja ta baya ba mai zai yi wa iskar yawa, ya fita ta salansa bai ƙone ba, ga dalmar da ke cikin man jirgi tana taruwa a bakin fulogi, amma da yawa cikin ɗalibai tsoron taɓa ta suke yi, sai su danna ta ciki su bar ta haka har sauka. Alhali rage man na da amfani, don a 1944 shahararren matuƙin jirgi Charles Lindbergh ya nuna wa matuƙan jirgin yaƙi P-38 na Amurka a yankin Pasifik su rage juyin inji su rage mai, tafiyar da jirgin ke yi ta ƙaru sosai ba tare da an canja ko noti ɗaya ba.

Injinan dizal irin na jirgin Diamond DA42 da ke shan kananzir ɗin jirgi sun fi tattali, don suna matse iska sosai kafin ƙonewa, sai dai sun fi nauyi kuma rayuwarsu na hannun lantarki. Ni dai roƙona ga malaman tuƙi su zauna da ɗalibi su nuna mai agogon zafin salansa da yadda allurarsa ke hawa in an ja sandar, tun kafin su sake shi ya tashi shi kaɗai.

Na gode, naka mai karatu a kullum.