Zuwa ga Abba, kan abin da ƙanwarka ta faɗa min

Abba,

Da fatan ka sauka lafiya kuma wajen aikin ya karɓe ka. Ummanku ta ce kun yi waya shekaranjiya, ni kuma sau biyu ina kira ba ka ɗaga ba, ban ce komai ba. Ma gara haka, don in ta waya ce ni da kai mun san yadda za ta ƙare, kafin minti biyar mun koma musun Windows da Linux mun bar abin da ya tara mu.

Wannan musun bari ma in sallama maka rabinsa yau. Na ga yadda ka tayar da tsohon laftof ɗin nan da na riga na cire rai da shi, ka sa masa Linux ya dawo yana gudu kamar sabo, na gani ban musa ba. Amma zancenka na cewa wai duk manhajar da kod ɗinta yake a buɗe idon duniya na kanta babu mai iya cusa mugun abu, wannan kam har gobe bai shiga kaina ba. Ka manta abin da ya faru da xz a 2024, manhajar matse fayil ɗin nan ta Linux mai buɗaɗɗen kod? Mutum ya kwashe wajen shekara biyu yana taimaka wa masu kula da ita kamar na Allah har suka ba shi amana, ya dasa ƙofar ɓoye a ciki, kuma wanda ya gano, Andres Freund, jinkirin rabin daƙiƙa kawai ya lura da shi wajen shiga ta ssh, hanyar da ake shiga wata kwamfuta daga nesa. A ina yake aiki? Microsoft, masu Windows. To ka riƙe wannan sai ka dawo.

Ba shi ya sa na zauna rubutu da tsakar dare ba.

Ƙanwarka ba da niyyar kai ƙara ta faɗa ba, kada in ji ka kira ta ka yi mata faɗa, ita a ganinta yabonka take. Ta ce daren da za ka tafi ka kira ta ɗakinka ka buɗe shafin duba sakamako na makarantarsu, ka shiga da nata, sannan ka je can saman inda adireshin shafin yake ka canja lamba ɗaya a ƙarshe, sai ga sakamakon wata yarinya daban ya fito da hotonta da lambar wayar mahaifinta. Ka ƙara canjawa, wani ya fito. Ta ce kana ta dariya kana cewa ko makulli ba su sa ba, har ka ɗauki hoton sikirin ɗin ka tura wani guruf naku na Telegram. Wallahi Abba tun da ta faɗa min barcina bai dawo daidai ba.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki. Ba sata ka yi ba, ba ka canja makin kowa ba, leƙawa kawai ka yi kuma da ma niyyarka ka sanar da su su gyara. Na yarda da kai, ni na haife ka. Amma wanda zai zo da takarda ba zuciyarka zai tambaya ba, tambayarsa ɗaya ce, wa ya ba ka izini, ina shaidar a rubuce. Kuma ita saba, kwamfutar da shafin yake a kanta, ba ta da mantuwa, duk lambar da ka canja ta rubuta, da lokacin, da adireshin da aka shigo ta shi, kuma mafi muni da asusun ƙanwarka ka shiga. Sunanta ne a log ɗin, rajistar da sabar take ajiyewa, ba naka ba. Ka yi tunanin wannan kuwa? Kar ka ce min VPN ya ɓoye adireshinka, VPN ɗin me, bayan ka shiga da suna da lambar ɗaliba.

Kai ne ka ba ni labarin Marcus Hutchins kana ta zumuɗi, yaron Ingila ɗan shekara 22 da ya taka wa WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle kwamfuta ta nemi kuɗin fansa, birki a watan Mayun 2017 lokacin da asibitoci da dama a ƙasarsu suka tsaya cak, ya ga wani adireshi a cikin kod ɗin ya yi masa rajista sai abin ya daina yaɗuwa. Ka ba ni rabin labarin ne, sauran ni na nemo da kaina. Wata uku bayan nan, duniya na tafa masa, ya je DEF CON, taron masu harkar kutse da tsaron kwamfuta, a Las Vegas, a filin jirgi zai koma gida FBI suka ɗauke shi. Ba don WannaCry ba, don wata manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos da ya sa hannu a ciki shekarun baya yana matashi a irin waɗannan zaurukan intanet na masu sunan ƙarya. Ya riga ya daina, ya shiryu, ya ceci mutane, duk da haka tsohon abin ya biyo shi har inda yake. Shekara biyu ya yi a maƙale a Amurka sai a 2019 ya amsa laifi alƙali ya tausaya masa bai ƙara masa zaman gidan yari ba. Ba kowa ke samun irin wannan alƙalin ba. A 2019 ɗin ma a jihar Iowa wasu ƙwararru biyu da hukumar kotunan jihar da kanta ta ɗauka su gwada tsaron gine-ginenta, da takardarsu a aljihu, sai da suka kwana a tsare kafin daga baya a janye tuhumar. Masu takarda ke nan. Kai me kake da shi?

Abin da ke cin raina ke nan, ba yau nake tsoro ba. Tsorona shekara biyar ko goma nan gaba, ka yi suna, ka yi iyali, sannan wani daga cikin guruf ɗin nan ya shiga hannu, a buɗe wayarsa a ga hoton da ka tura. Su wane ne ma? Ka taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya a cikinsu? Mutanen da ko sunansu na yanka ba ka sani ba su kake burgewa da bayanan 'ya'yan mutane, haba Abba, da hankalinka da karatunka. Kai da ka ga abin da kawunka ya jawo mana, ka ga yadda Hajiya ta koma, shi ma ai cewa ya yi ba komai ba ne. Har yau na san kana riƙe da ni a kan wata ukun da na kulle maka kwamfuta kana ɗan shekara 15, ka ce na tozarta ka gaban abokanka. Da za a maimaita sai na sake kullewa, kuma da na san haka za a zo da shida na yi.

To. Na faɗi abin da ke raina, Allah ya huci zuciyarka. Ni na fara miƙa maka sukundireba kana tsaye kan kujera don ba ka kai tebur ba, ni na bar ka ka cire RAM, ma'adanar aikin kwamfuta, ka mayar har ka karya maƙallin ban ce uffan ba, saboda haka ba zan zo yau in ce ka bar abin da Allah ya ba ka baiwarsa ba. Akwai inda ake yin sa da izini ka fi ni sani, a shafuka irin su HackerOne da Bugcrowd, kamfanin da yake so a gwada tsaronsa ne da kansa zai rubuta ga inda ya yarda a taɓa ga inda bai yarda ba, ka tsaya iya nan ko da ka hango wata ƙofar a buɗe a gefe. In hannunka ne ke ƙaiƙayi ga Hack The Box nan, shafin da aka tanada don koyon kutse, ga kuma kwamfutoci uku a ɗakin baya ka zo ka farfasa su son ranka, na yafe.

Guruf ɗin nan ka fita. Makarantar kuma kada ka rubuta musu komai tukuna, ka kira ni mu fara jin ta bakin lauya kan yadda za a sanar da su ba tare da sunan ƙanwarka ya shiga ciki ba. Daren Juma'a ina gida, zan ajiye wayar kusa da ni.

Af, manhajar ajiye fasuwod ɗin nan da ka sa min, babban fasuwod ɗin na rubuta shi a bayan littafina na aljihu, na san za ka yi tsaki, in ka kira sai ka yi.

Allah ya yi maka albarka ya tsare min kai.

Babanka