Daga Makka zuwa ga aminina a Kano

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin Makka da ka riga ka sani.

Na ga kukan da ka yi kan ɗalibanka, cewa sun haddace yadda ake matsar da layin x da layin y, wato layukan nan biyu, na kwance da na tsaye, da ake auna wuri da su a takarda, amma ba su san amfaninsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, don makon jiya ɗan yayata ya zo mini da irin wannan. An ba su aikin gida: x² + y² − 6x − 4y − 12 = 0, aka ce da'ira ce. Shi kuwa ya rantse bai ga alamar da'ira a ciki ba. Sau biyu ina yi masa bayani a takarda, yana gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da ni da kai muka san ba na fahimta ba ne.

Bayan isha muka hau benen Harami, na sa ya leƙa masu ɗawafi. Na ce ya zaɓi mutum ɗaya, ya gaya mini inda yake idan an auna daga ƙofar Sarki Abdul'aziz, inda muka shigo. Ya fara ƙiyasta taku kaza gaba, kaza gefe. Kafin ya rufe baki mutumin ya matsa, lissafin ya rushe. Sai na ce to ya auna daga Ka'aba. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Kawu, ai tazararsa kusan ɗaya ce duk zagayen."

Da muka koma gida, da kansa ya ɗauke mafarin, inda layin x da layin y suka haɗu, ya kai shi kan (3, 2), wato x = X + 3, y = Y + 2, inda X da Y suke awo daga sabon mafarin. Yana buɗe bakan lissafin, 6X da 4Y suka cinye juna da takwarorinsu, ya rage X² + Y² = 25. Da'ira ce mai tazarar 5 daga cibiyarta. Ko taku ɗaya ba ta yi ba, mu ne muka tashi muka koma tsakiyarta. Ka ga fuskar yaron nan, Malam!

Ni a ganina laifin koyarwarmu ne. Tun da Dekart, Bafaranshen nan masanin lissafi, ya fitar da aikinsa a 1637, yaro ke ganin layukan nan biyu a allo kamar da su aka halicci duniya, alhali mutum ne ya zaɓi inda zai ja su. Dubi taswira ma. Sai a 1884, a wani taro a Washintan, aka amince a riƙa ƙirga gabas da yamma daga Girinic ta Ingila. A kan haka Makka tana wajen digiri 40 gabas, 21 arewa, Kano kuma 8 da rabi gabas, 12 arewa. Mai da Kano mafari, ka ɗebe, sai Makka ta zama kimanin digiri 31 gabas da kai, 9 arewa. Rana tana cin digiri 15 a awa guda, shi ya sa muke riga ku azahar da kusan awa biyu. Amma ka gargaɗe su kada su nemi alƙibla da wannan ɗeben, don duniya ba shimfiɗaɗɗiyar takarda ba ce. Biruni, masanin lissafin nan na zamanin da, da ya yi aikin gano alƙiblar Gazna, wani birni a Afganistan, da lissafin doron ƙwallo ya yi shi.

Ku da ba ku da benen Harami, ka samo akuya ka ɗaure ta a turke a filin makaranta. Yara su auna ta daga ƙofar aji, sannan su sake aunawa daga turken. Ka rubuto mini abin da suka ce.

In akwai mai zuwa umara daga unguwa, a haɗo mini da yaji da ɗan kilishi. Ka gaishe mini da Inna da kyau.

Naka amini,
daga Makka