Zuwa Ga Iyaye: Ƙa'idojin Sake Zaman Jarrabawar Shiga Ƙaramar Sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon yara, bayan gaisuwa da fatan alheri. Tun ranar da aka kafe sakamakon jarrabawar shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ofishinmu bai rabu da masu tambayar makomar yaran da makinsu bai kai ba. Hukumar makaranta ta zauna a kan lamarin, ga kuma abin da ta tsayar.

Duk yaron da ya gaza samun rabin maki a Lissafi ko Turanci yana da damar sake zama sau ɗaya tak a wannan shekara, makonni huɗu bayan fitar sakamako, kuma takardar da ya faɗi ita kaɗai zai maimaita, ba sai an sake sayen fom ba. Wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa, muddin an kawo takardar asibiti, za a ɗauki wannan zaman a matsayin karonsa na farko. Wanda aka kama da satar amsa kuwa ba shi cikin wannan sassauci, ko wane ne ya zo roƙo. Sakamakon jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa, ba ya maye gurbin tamu.

Akwai abin da ya fi waɗannan ƙa'idoji damunmu. Da malamai suka bi takardun amsa ɗaya bayan ɗaya, sun tarar da cewa da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi yara ne da aka ɗauko daga aji huɗu ko aji biyar na firamare, aka tsallake musu aji shida. Ba daƙiƙai ba ne, wasunsu ma rubutunsu ya fi na yayyensu tsabta, sai dai an tambaye su abin da ba a kai ga koya musu ba, kamar lissafin kaso cikin ɗari da rubuta wasiƙa. Tsarin ilimin bai ɗaya, wanda aka yi wa doka a 2004, shekara shida ya ware wa firamare, kuma a ajin ƙarshe ne ake ɗaure abin da aka koya a baya. Mun san kuɗin makaranta na shekara guda ba ƙaramin nauyi ba ne a wannan zamani, amma ga irin wannan yaro shawararmu ita ce a bar shi ya kammala firamare, ya dawo baɗi da ƙarfinsa.

Waɗanda za su sake zama kuma, muna roƙon kada a tara musu masu koyarwa safe da yamma har su gundura. Awa ɗaya a kullum a kan darasin da ya ba yaro wuya ta wadatar, a riƙa sa masa agogo yana amsa tambayoyin shekarun baya, domin da dama lokaci ne ya ƙure musu kafin su kai shafin ƙarshe. Kada kuma a yi masa gori a gaban ƙannensa.

Mai son ganin takardar amsar ɗansa yana iya zuwa ofishin mataimakin shugaban makaranta a ranakun aiki kafin azahar. Ranar jarrabawa a zo da katin shiga mai hoto da kwafin takardar haihuwa.

Wassalam,
Shugaban Makaranta