Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Hafsan Sojan Sama: yaushe Alpha Jet zai huta?

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Maganar Alpha Jet, tsohon jirgin yaƙin sojan samanmu, ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka fi ni sanin tarihinsa. Faransa da Jamus suka haɗa hannu suka ƙera shi, ya fara tashi a 1973, mu kuma tun zamanin Shagari muka fara kawo shi sansanin sojan sama na Kainji. Ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, ya je aikin Mali a 2013, inda guda ya faɗi a ƙasar Nijar da matuƙansa biyu. Ba wanda zai ce bai biya kuɗinsa ba.

To amma jirgin koyon tuƙi ne da aka ɗaura wa bama-bamai da rokoki. Kafin ya saki kayansa daidai, sai ya yi ƙasa-ƙasa, nan kuwa masu bindigar harbo jirgi a bayan Hilux ke jiransa. A 2014 ɗaya ya tashi daga Yola bai dawo ba, Boko Haram suka yanka ɗaya daga cikin matuƙansa, Wing Kwamanda Chimda Hedima. A Maris na 2021 wani ya ɓace a Borno da hafsoshi biyu, sai bayan kusan shekara aka ga tarkacensa a Sambisa. A Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo wani a iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya ratsa daji cikin dare yana duba hanya a wayarsa har ya kai sansanin soja. Aka yi ta yabon jarumtarsa. Madalla, amma jarumta ba ta sauya tsohon inji.

Ku da kanku kuka yi mana albishir da jirage 24 ƙirar M-346 daga Italiya da za su maye gurbinsa, har muka sha kallon hotunan manyan hafsoshi a masana'antar Leonardo, kamfanin da ke ƙera su. Hoto dai ba ya tashi sama, ranka ya daɗe.

Akwai batun iyalan waɗanda suka rasu, akwai na rahotannin bincike, amma bari in bar su zuwa wani lokaci.

Don Allah ka fito ka faɗa wa 'yan Najeriya: Alpha Jet nawa ne har yanzu ke tashi, kuma wace rana za a sauke na ƙarshe? Wata da shekara muke so mu ji.