Kafin Yaro Ya Zaɓi Fanni, Ya Fara Sanin Kansa

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Da fatan kuna lafiya tare da iyali. A wannan makon, duk ɗalibin da ke gab da zaɓar fannin karatu zai zo muku da wata takarda mai shafi biyu. Ba jarrabawa ba ce, babu maki a kanta. Tambayoyi ne da yaro zai amsa a kan kansa: wane aiki ne idan ya duƙufa a kai sai lokaci ya wuce bai sani ba? Me abokansa suke zuwa ya taya su? Wane darasi ne ya ba shi wuya amma ya ƙi sakinsa?

Mun tsara tambayoyin ne bisa hanyar John Holland, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda tun 1959 ya kasa sha'awar aiki gida shida: masu aikin hannu da na'ura, masu bincike, masu ƙirƙira, masu hidimar jama'a, masu jagoranci da iya shawo kan mutane, sai masu son tsari da adana bayanai. Da wuya mutum ya zauna a gida ɗaya kacal, shi ya sa ake duba ukun da suka fi rinjaye a kansa. Katin sakamako ba ya nuna wannan. Yarinyar da take sulhunta ƙawayenta idan sun yi faɗa tana da baiwa, amma babu gurbin da malami zai rubuta mata ita.

Sai dai ido ba ya ganin kansa. A 1999, David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell sun gano cewa waɗanda suka fi rauni a gwaji su ne suka fi zuzuta iyawarsu, gwanayen kuma suna rage wa kansu matsayi. Mu ma muna ganin haka a aji. Don haka duk inda yaro ya rubuta "na iya", mun bar masa layi ya kawo hujja: me ya yi, yaushe, me ya fito?

Shafi na biyu naku ne. Ku rubuta abubuwa uku da kuka ga yaronku yana yi da kyau ba tare da an sa shi ba. Roƙonmu ɗaya: ku bari ya gama nasa tukuna, kuma kada ku gyara masa amsa. Mun san burin iyaye da yawa shi ne a ce ɗansu likita ne, amma idan aka cike takardar da burin Baba, malamin ba da shawara ba zai sami abin da zai yi aiki da shi ba. Inda amsarku ta saɓa da tasa, ku bar ta haka, a nan za mu fara hira.

A dawo da takardar ga malamin aji kafin ƙarshen mako mai zuwa. Daga nan za mu sanar da ku ranar da za a zauna da kowane ɗalibi tare da iyayensa.

Mun gode,
Shugaban Makaranta