Zuwa ga Habibu: Bindigar Kaboyi da Abin da Take Ci

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Agadas? Mu nan Kano hazo ya rufe gari, amma alhamdu lillahi.

Ka tuna gardamar da muka yi da daddare a ƙofar gidan Baffa, kan finafinan kaboyi da muke kallo muna yara? Kai ka dage cewa a Amurkar wancan zamani kowane ƙato yana da ƙaramar bindiga a ƙugu, yana harbi yadda ya ga dama. To, na bi diddigin maganar, kuma ina jin ka sha kaye.

Fara da kuɗin bindigar kanta. Lokacin da aka shiga yaƙin basasarsu a 1861, kamfanin Colt da ke Hartford yana sayar wa gwamnati samfurin soja na 1860 a kan dala 25. Ƙaramin soja kuwa albashinsa dala 13 ne a wata, sai a 1864 aka ƙara ya kai 16. Ka ga ke nan gumin kusan wata biyu. Da kamfanin Remington ya shigo kasuwa da tasa mai rahusa, dole Colt ya sauko ƙasa da dala 15. Makiyayin shanu bayan yaƙi yana samun kamar dala 25 zuwa 30 a wata, kuma farashin bindigar nan na bakin masana'anta ne; kafin kaya su ratsa daji a keken doki su kai bakin iyaka, ɗan kasuwa ya ɗora nasa. Abin da ya sauƙaƙa wa talaka shi ne ƙarewar yaƙin a 1865, da aka bar sojan da aka sallama ya tafi da tasa a kan dala 8, ga kuma na hannu sun cika kasuwa.

Ɗurin ne ya fi ba ni mamaki. Ka san yadda 'yan bindigar sarki suke ɗura tasu ranar hawan sallah? To, haka ne, sai dai ita wannan ramuka shida gare ta, kowane da nasa aikin. Ka auna albarushi ka zuba, ka ɗora ƙwallon dalma, ka danna shi da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun, ka shafa kitse a baki, sannan ka juya baya ka kafa 'yar hular tagulla wadda kunamar bindiga za ta sara ta ba da wuta. Sau shida! Mai hankali ma biyar yake ɗurawa, ya bar kunamar a kan ramin da babu komai, don kada doki ya yi tsalle ya harbi cinyarsa. Kitsen nan ba ado ba ne: yana tausasa dattin hayaƙi, ana kuma fatan ya hana wuta tsallakawa ramukan su tashi gaba ɗaya.

A kuɗi, harbi ɗaya ba wani abu ba ne. Albarushi kusan rabin kilo yana ba da harbi wajen 300 a samfurin da ake kira Navy na 1851. Dalma kuwa mutum ya narka da kansa a bakin wuta, ya zuba a mazubi. Hular ce ba ta ƙeruwa a daji; in ta ƙare ko ta jiƙe, bindigarka ta zama guduma. Masu hali suna sayen harsashin takarda da aka naɗe, shida a ƙunshi, ya fi sauri amma ya fi tsada, kuma laima na lalata shi.

Sai wahalar kulawa. Baƙin albarushi yana barin datti mai jan danshi, in ba ka kwance ta ka wanke da ruwan zafi ka shafa mai ba, tsatsa ta cinye ta. Shi ya sa mayaƙan kan doki suke rataya biyu ko fiye, don ba wanda zai tsaya aune-aune ana ruwan wuta. Shahararren ɗan bindigar nan Wild Bill Hickok ma biyu yake ɗauka. Kuɗi ya ninka ke nan.

Abin dariya, tun 1855 wani Rollin White ya yi rajistar dabarar da ke ba da damar sa harsashin ƙarfe ta baya, maƙeran bindiga Smith da Wesson suka riƙe haƙƙin su kaɗai har 1869. Colt bai fito da shahararriyar bindigarsa mai irin wannan harsashi ba sai 1873. Ko a lokacin, da yawa tsohuwar suka riƙe, wasu suka kai aka gyara musu ita, saboda sabuwa sai mai abin hannu.

Don haka tsiren da muka yi alkawari yana wuyanka. In ka zo babbar salla zan karɓa, kuma ban yarda da na ɗari biyar ba.

Ka gaida Hajiya da yara. Su Baffa suna gaisuwa.

Wassalam, naka,
Lawal