A Duba Jinin Mai Jego Kafin A Ce Iska Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin magidanta da ma'aikatan lafiya na Jihar Katsina kan wani hali da masu jego ke shiga, wanda a nan muka fi danganta shi da iska, ko sammu, ko shagwaɓa. Mace za ta sauka lafiya, a sha suna, 'yan barka su watse, sai a ga ta daina walwala, tana kuka ba dalili, barci ya gagare ta ko da jaririn ya yi shiru. Idan hakan ya wuce mako biyu, likitoci na kiran sa ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego ɗaya cikin biyar ce ke fama da irin sa.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo. Da wannan sinadari ne jiki ke haɗa jinin da ke kai iskar numfashi ko'ina, kuma ƙwaƙwalwa ma tana buƙatar sa wajen samar da sinadaran da ke daidaita nutsuwa da farin ciki. Ciki yana cinye abin da uwa ta tara, haihuwa ta zubar da wani, zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa da kusa su ƙarasa saura. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. A wani nazari da aka wallafa a 2005 kan iyaye mata a Afirka ta Kudu, waɗanda aka ba maganin ƙarin jini sun sami sauƙin damuwa a bayyane.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke dagewa kan wankan jego da kunun kanwa har arba'in, amma ƙwayar ƙarin jinin da aka bayar a wurin awo sai a ajiye ta ranar da aka haihu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da sha na mako 6 zuwa 12 a inda ƙarancin jini ya yawaita. Ya kamata maigida ya sani cewa hanta da nama da kifi da wake da zogale haƙƙin mai jego ne har bayan an cinye ragon suna, kuma shan shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke ɗauka daga abincin.

Ban ce ƙarin jini kaɗai ne magani ba, domin talauci da rashin kulawar miji su ma suna da hannu, kuma wadda take jin kamar ta cutar da kanta ko jaririnta, a kai ta asibiti nan take. Roƙona ga hukumar lafiya a matakin farko ta jiharmu shi ne, tunda uwa na kawo jariri rigakafi a mako na shida, a gwada jininta a ranar, sannan a zaunar da ita a tambaye ta yadda take ji a ranta.

Daga mai karanta jaridarku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina